Da Hannuna Nake Zuba Masa

Ɗan fari ne, don haka ba zan kama sunansa ba. Ko a gida sau ɗaya tak sunan ya taɓa fita daga bakina, kuma zan zo kan wannan daren. Ƙannensa Yaya suke ce masa, ni kuma in zan yi maganarsa sai in ce "yayanku". A 1993 na haife shi, a nan Tudun Wadan Zariya, a gidan da muke ciki har yau. Mahaifinsa, Malam, ya yi shekara 35 yana riƙe da alli kafin ya yi ritaya. Ni kuwa sana'ata kayan gara: alkaki, nakiya, dubulan, cincin. Duk wadda ta aurar da 'ya a layinmu cikin shekara ashirin ɗin nan, da wuya in ba daga kaskona garar ta fita ba. Na fara da wannan ne don a san irin gidan: sukari da buhu yake shigo mana, man gyaɗa da jarka.

Yana yaro siriri ne kamar sillen kara. Da kwano nake bin sa har zaure, ina lallashi ina barazana, ya ci loma uku ya ce ya ƙoshi. Kakarsa ta wajen uba har rasuwarta tana min gorin ba na ba jikanta abinci.

A 2012 ya samu jami'a. Shekara biyu lafiya lau. A ta uku muka fara ganin barci ba dare ba rana, magana tana fita a ja a ja, kullum da robar lemo a hannu wadda ba ya yarda kowa ya kurɓa. Sai kaya suka fara ɓata: wayar ƙanwarsa, dutsen guga, daga baya 'yan kunnena na gwal da na gada wajen mahaifiyata. Kodin ne. A 2016 ya dawo gida da jaka ɗaya, babu takardar komai. Ba zan daɗe a kan waɗannan shekarun ba, duk uwar da ta zauna da ɗan shaye-shaye ta san yadda ake kwana da kunne a ƙofar gida. Da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018 har sadaka na yi. Ashe an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago: kwalba ta yi tsada, ya koma tiramol. Wata la'asar a 2019 abokansa suka kawo shi a Keke Napep daga wajen Kwangila, ya faɗi yana jijjiga, ya ciji harshensa, rigarsa duk jini. Mako uku muka yi a asibiti. Ranar da za a sallame mu aka ɗora shi a sikeli, kilo 56, namiji ɗan shekara 26 mai tsawon mahaifinsa.

Likitan ƙwaƙwalwa ya rubuta masa magani, ya kuma ce mana ɗaya daga ciki yana buɗe ciki sosai, mu sa ido, mu riƙa dawowa ana duba shi. Allah ne shaidata, daga duk bayanin nan abu ɗaya kunnena ya ɗauka, wai zai riƙa cin abinci. Na ce alhamdulillahi a fili.

Ba na manta daren da ya cinye malmalar tuwon shinkafa da miyar taushe, ya suɗe kwanon, ya ɗago ya ce, "Umma, da saura?" Shekara biyar rabon da in ji ya nemi ƙari. Na zuba masa, na shiga ɗaki na yi sujadar godiya.

Sai ga kullen korona a watan Maris na 2020. Jihar Kaduna ta sha kulle mai tsawo, an rufe masallatai, kasuwa sai ranakun da aka ware. Mutane na kuka, ni kuwa in faɗi gaskiya a raina daɗi nake ji, domin karon farko cikin shekaru duk 'ya'yana suna cikin gida, ƙofa a rufe, na san inda kowa yake. Biki ya tsaya, ga fulawa da sukarin da na saya don aikin mutane suna zaune. Sai na riƙa soya mana. Yau fanke, gobe cincin, jibi dubulan. Kafin a buɗe gari kumatunsa sun fito, wuyansa ya cika. Duk wanda ya shigo sai ya ce, "Kai, masha Allah, ya murje! Hajiya me kike ba shi?" Gwaggonsa da ke cikin Birni ta dube shi ta ce yanzu ya zama mutum. A wajenmu ai ƙiba alamar hutu ce, kuma shaida ce ga unguwa cewa ya daina abin da yake yi. Ɗan ƙwaya ba ya ƙiba. Duk kilo ɗaya da ya ƙara, ji nake kamar an wanke mana suna.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai likita, sai yanzu. Bayan an buɗe gari, na lura in ya ɗauki takalmi bayan magariba zai fita, in na ce "ga dambu can na kusa saukewa", sai ya ajiye takalmin ya zauna. In ya ci ya yi nauyi, sai barci. Tun ina yi ba da niyya ba har na koma yi da gangan. Da la'asar nake fara lissafin abin da zan dafa wanda zai hana shi fita. Na san yana son ɗanwake da mai da yaji da ƙwai, na san yana son waina da miyar alayyafo, na san in na yi farfesun kan rago ko gobara ake a waje ba zai leƙa ba. Tsoron majalisar nan ta Kwangila ya sa na ɗaure ɗana da abinci kamar yadda ake ɗaure akuya a turke, kuma ina yi ina ganin kaina uwa ta gari.

Telansa ne ya fara faɗa min gaskiya, shi ma cikin raha. Sallar 2021 na aika da yadi huɗu kamar kullum, ya aiko a ce min a ƙaro ɗaya. Shekara ta zagayo na aika biyar, ya zo da kansa har zaure ya ce, "Hajiya, Yaya fa sai shida yanzu, in ana so riga ta sauka." Muka yi dariya. Da ya tafi na zauna shiru.

Daga nan abubuwa suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina ba kowanne uzuri. Minsharinsa har ɗakinmu, kuma in ka saurara sai ka ji ya ɗauke ɗif kamar numfashin ya tsaya, can sai ya fizgo shi da ƙarfi. Na ce gajiya ce. Bayan wuyansa ya yi baƙi ƙirin, fatar ta yi kauri, na ce dauɗa ce, na sayo sabon soso da sabulun salo na aika ƙaninsa ya kai masa, abin da har yau in na tuna nake jin kunya. Ya daina zuwa masallacin Juma'a, ya ce zaman tahiya yana kama masa gwiwa. Daga baya ƙaninsa ya gaya min yaran layi ne suke bin sa suna kiran sa buhun masara. Wani mai Napep ya taɓa ce masa sai ya biya kuɗin mutum biyu, a gaban fasinja. Tun ranar ya daina zuwa ko'ina. Abin da na roƙa ke nan, ya zauna a gida, kuma ga shi ya zauna.

Malam ya riga ni gani. Shi mutum ne mai tsari, tuwonsa malmala ɗaya tun aurenmu. Zai zaunar da shi ya karanto masa ayar "ku ci ku sha kada ku yi ɓarna", ya kawo hadisin kasa ciki uku, ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "To Baba, in sha Allahu." Washegari kamar ba a yi ba. Ni kuma in tare masa: "Malam, abinci ne fa. Halal ne. Ka manta inda muka fito?" Shi kuma ya ce ni nake lalata shi. Shekara talatin muna zaune ba a taɓa jin kanmu ba, ko a lokacin kodin bakinmu ɗaya, amma a kan tuwo sai da muka yi kwana huɗu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Abin ya fashe ranar da mai shayin bakin titi ya yi sallama da Malam, riƙe da littafin bashi. Ashe bayan ya ci na gida, in mun kwanta, yana zagayawa. Malam ya shigo da littafin ya ajiye min a cinya. Shafi bayan shafi: Indomie huɗu ƙwai biyar, burodi babba, shayi mai kauri, lemo biyu. Kusan kullum. Bashin ya kai naira dubu 47, fiye da rabin fanshon Malam na wata. Ya biya, ya dawo ya tsaya a tsakar gida, ya faɗi maganar da na san har yau yana nadamarta: "Jiya kwalba, yau kwano. Kai dai ba za ka bar mu mu huta ba." Ranar ya sayo kwaɗo biyu, ɗaya a kicin, ɗaya a sito, ya ba ni makullan.

Kafin kwaɗon nan akwai abin da ya faru, wanda shi ne ya fi tsaya min a rai cikin labarin gaba ɗaya. Ƙarshen 2022 na karɓi aikin gara na wata amarya a Gyallesu, alkaki ɗari uku. Wanda ya san alkaki ya san wahalarsa: a jiƙa alkama, a bar ta ta tashi, a murza kowanne da hannu a naɗe, a soya, a tsoma a ruwan sukari. Kwana biyu na yi a kai. Na ƙirga da kaina na jera a manyan robobi na rufe. Da safe masu biki suka aiko, na sake ƙirgawa, babu arba'in da ɗaya.

Akwai almajirin da yake mana wanke-wanke da aike, yaro ɗan kamar shekara goma sha biyu, shekararsa uku a gidanmu, ko allura bai taɓa ɗauka ba. Shi ne ya share ɗakin da safe. Na kira shi na titsiye shi. Ya rantse da Allah, ya rantse da Alƙur'anin da yake karantawa, yana kuka yana cewa, "Wallahi Hajiya ban taɓa ba." Na ce arba'in da ɗaya ba cin mutum ɗaya ba ne, ya faɗi waɗanda ya kai wa a makarantarsu. Na ce ya ɗauki robarsa kada in ƙara ganin ƙafarsa. Duk wannan ɗana yana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinsa, kansa a ƙasa, bai ce uffan ba. Ni kuma ko kallon wajen ban yi ba. Yanzu na san dalilin da ya sa ban kalla ba.

Gwaggonsa ta ce ba shi kaɗai yake ci ba, akwai mai ci ta bakinsa, a yi ruƙiyya. Aka yi, ya sha rubutu, addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza. Ƙanwarsa ta sayo wani shayin rage ƙiba da ta gani a waya, ya yi kwana uku yana zarya bayi, ya galabaita, da ya warware ya ci ninkin na da. Kwaɗon Malam kuwa, abin da ya haifar shi ne yaron ya daina ci a gabanmu. Da rana ya ce ya ƙoshi, har Malam ya fara cewa ka ga an samu sauƙi. Amma jikin bai ragu ba.

Wani dare cikin sanyin Janairun 2023 na tashi wajen ƙarfe biyu zan yi alwala. Na ji motsi a kicin. Kwaɗon yana nan a kulle, amma an kwance kusoshin ƙarfen da yake maƙale a jiki, ƙofar a buɗe kaɗan. Na ɗauka ɓarawo ne, sai na ji numfashin. Na haska fitilar waya.

Yana zaune a kan turmin da aka kife, cikin duhu, tukunyar tuwon da na ajiye don ɗumame tana tsakanin ƙafafunsa. Tuwon masara mai sanyi ƙalau, ko miya babu. Yana gutsura da hannu biyu yana turawa, ba ya ko taunawa sosai, kamar wanda ake jira a waje. A gefe ga ledar burodi ya gama da ita, ga gwangwanin madara a buɗe. Hawaye na bin fuskarsa yana haɗawa da tuwon. Hasken ya faɗa masa amma hannun bai tsaya nan take ba, sai da ya kai wata lomar.

A nan ne na kira sunansa. Shekara kusan talatin ban taɓa ba. Ni kaina sai da na ji sunan ya yi min baƙo a baki. Ya ɗago a firgice, ina jin sunan ya fi fitilar razana shi.

Na jawo kujera 'yar tsugunno na zauna. Mun daɗe ba wanda ya yi magana. Can ya ce, "Umma, wallahi ba yunwa nake ji ba. Ko ɗanɗanonsa ba na ji." Na ce to me ye? Ya ce, "In dare ya yi sai abin ya taso min nan," ya dafa ƙirji. "Sai in tuna abokaina sun gama, sun yi aure, ni ina nan. Sai in ji ina son abin can. Na san inda ake sayarwa, har yanzu ina da lambar a kaina. In na cika cikina har ya yi ciwo, sai in kasa tashi, sai gari ya waye ban je ba." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ni na ci alkakin nan. A dare ɗaya. Ina ji kina korar yaron na kasa magana."

Ana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Shekara uku ɗana yana danne abin da ke cikinsa da tuwo, ni ina murna yana ci. Dabarar da nake yi masa da magariba, ashe ita yake yi wa kansa da tsakar dare. Na mayar da murfin tukunyar, na ce ya je ya kwanta. Na kwana zaune.

Da zan ce washegari muka tafi asibiti da na yi ƙarya. Lokacin ne ake wahalar takardun kuɗi saboda canjin naira, ga kunya, ga Malam da ban san yadda zan faɗa masa ba. Sai da maruru ya fito masa a cinya ya yi mako uku ya ƙi warkewa, ga ƙishirwa ba ƙaƙƙautawa, ga fitsari sau biyar sau shida a dare, har ƙaninsa ya ce yana ganin tururuwa na taruwa a makwararar bayinsu. Sannan muka kama hanyar asibitin koyarwa na Shika, ni da shi da Malam.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sikeli ya nuna kilo 121. Hawan jini 160 bisa 100. Aka ce ya dawo da safe bai ci komai ba a auna sukari, ya fito 11 da ɗoriya, likita ya ce daga 7 zuwa sama ciwon sukari ne, aka sake wani gwajin ya tabbatar. Ɗan shekara talatin. Likitan ya ɗaga masa haɓa ya duba wuyan nan, ya ce wannan baƙin ba dauɗa ba ne, alama ce da fata take nunawa in jiki ya fara ƙin jin sinadarin insulin, kuma yakan fito tun kafin ciwon ya bayyana. Na tuna sosona da sabulun salo. Minsharin da yake ɗaukewa ma ya ce ciwo ne mai zaman kansa, maƙogwaro ne ke toshewa cikin barci, yana kuma ƙara hawan jini. Ya rubuta metformin da maganin hawan jini, sannan ya tambayi wane magani yake sha. Da muka nuna, ya ce yaushe rabonmu da likitan ƙwaƙwalwa? Muka kalli juna. Tun kafin korona. Shekara uku muna kai tsohuwar takarda kemis ana ba mu, ba wanda ya sake duba shi. Wannan laifinmu ne, an ce mu riƙa dawowa, muka ga ya yi ƙiba muka ce ya warke.

Likitar ƙwaƙwalwar da muka samu mace ce, ba ta kai ƙanwata ba a shekaru. Ta fitar da mu ta yi kusan awa ɗaya da shi. Da ta kira mu, ta ce abin da yake fama da shi ciwo ne da likitoci suka sani: mutum ya ci abinci mai yawan gaske cikin ɗan lokaci, a ɓoye, ba don yunwa ba, yana ji ba zai iya tsayawa ba, bayan ya gama kunya da tsanar kai su rufe shi. In yana faruwa aƙalla sau ɗaya a mako har wata uku, ya zama abin magani. Ta ce yakan zo tare da ciwon damuwa, kuma ba baƙon abu ba ne ga wanda ya bar shaye-shaye. Maganin da yake sha ma ya taimaka wajen buɗe cikin, za ta canza shi a hankali, kada mu kuskura mu tsayar da shi da kanmu. Sai ta juya ga Malam cikin ladabi ta ce, "Baba, a cire kwaɗon nan." Ta ce yinin da yake yi da yunwa don kunyar idonmu shi yake ƙara tunzura cin dare. Abin da take so ya ci sau uku a kan lokaci, a zaune cikin mutane, ko yana so ko ba ya so, ya kuma riƙa rubuta abin da yake ji a ransa kafin cin ya taso masa, ya kawo mata.

Ni kuma na ce ina da magana. A gaban Malam na faɗi zancen dambu da takalmi. Ba ta yi min faɗa ba. Cewa ta yi, "Mama, to yanzu aikinki ya fi na kowa wuya. Sai kin bar shi ya fita."

Har muka iso gida Malam bai ce komai ba. Ya cire babbar riga, ya ɗauko sukundireba, ya kwance ƙarfen kicin da na sito, ya zuba su a aljihu. Da asuba na ji yana ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin samarin yana cewa, "Tashi mu je masallaci, daga can mu taka." Ranar farko kafin su kai Ƙofar Doka sau uku yaron yana zama a bakin shagon mutane. Malam ya tsaya a kansa yana jan carbi har ya huta. A Napep suka dawo. Yanzu suna zuwa su dawo a ƙafa. Me suke cewa a hanya, ban sani ba, na tambayi Malam ya ce zancen maza ne. Na dai san mutumin da bai taɓa ba ɗansa haƙuri ba da baki, yau shekara biyu ko ruwa ake sai ya ɗauki lema sun fita.

Tukunya ɗaya muka koma gaba ɗaya, don na ƙi a ware masa kwano kamar mai kuturta. Mai ba da shawara kan abinci ta ce tuwo kada ya wuce dunƙulen hannunsa, rabin faranti ya zama ganye, ta kuma auna mana a gabanmu sukarin da ke cikin robar lemo ɗaya, cokalin shayi sama da goma, shi da yake shan uku a rana. Kanawa suna tsokanar mu Zage-zagi da fate, to faten ne ya rufa mana asiri: tsaki kaɗan, rama da yakuwa da zogale da yawa, ɗan wake a ciki. Ƙannensa sun yi ƙorafi wata guda suka haƙura. Sana'ata kuma na kwashe ta zuwa gidan ƙanwata a Gyallesu, can nake suya, can ake zuwa ɗauka. Ga kuɗin Napep ya ninka tun da aka cire tallafin mai a 2023, ribar ta ragu sosai, amma buhun sukari ya bar gidana.

Fitar ce dai. Wani ɗan ajinsu na sakandare yana da shagon gyaran waya a PZ, ya ce ya zo ya koya. Ranar farko da ya ɗauki takalmi, wallahi sai da maganar ta zo min har leɓe, ga wake da shinkafa can a wuta. Na cije. Na bi shi har zaure na tsaya ina kallon bayansa har ya sha kwana, na dawo na kasa komai, wake ya ƙone. Har yau in ya wuce isha'i bai dawo ba sai cikina ya ɗuri ruwa, in ɗauki waya in ajiye. Wani lokaci ina kira. Likitar ta ce in rage, ina ƙoƙari.

Ba a miƙe abin yake tafiya ba. Ya sauko zuwa 108, sai Babbar Sallar 2024 ta zo, nama ko'ina, soye a kowane gida, ga wata yarinya da ya fara nema iyayenta suka ce a dakata, sun ji tarihinsa. Cikin wata biyu ya koma 113, na sake jin motsi a kicin sau biyu. Na biyun na fita na zauna kusa da shi, ban ce ya daina ba, shi ya ture kwanon da kansa bayan wani lokaci. Awon watan jiya kilo 104, sukarin safe yana yawo tsakanin 7 da 8, yana kan magungunansa, yana ganin likitarsa. Wuyan ya fara washewa. Tela ya ce biyar za ta yi.

Da ya karɓi kuɗin aikinsa na farko a shago, yadi ya saya, shuɗi, aka ɗinka riga da wando daidai ɗan shekara goma sha huɗu, ya haɗa da takalmi. Ya ce shi zai je da kansa, ni ma na ce ƙafata ƙafarsa, don bakina ne ya yi korar. Muka je makarantar allon da ke bayan layinmu. Malaminsu ya gane yaron da muke nufi, ya ce ai tun shekarar nan mahaifinsa ya zo ya tafi da shi ƙauyensu ta wajen Soba, wai ko zai dawo bayan kaka. Muka bar saƙo. Kaka biyu ke nan ta wuce. Kayan suna nan a leda a saman sif ɗina, kuma na san ko ya dawo yanzu sun yi masa kaɗan.